Kukan Sambo a Saman Kibiya

Babu wani a cikinku da bai san labarin nan ba, ko in ce bai san yadda ake ba da shi ba. Kun tashi kun tarar ana cewa na ɗauki Baffanku Sambo a jirgi, muka yi sama, tsoro ya kama shi, ya sauko idanu jajawur yana sharar hawaye da gefen rawani. Ke Bilki har kwaikwayonsa kike yi kina ƙarama, ki naɗa ɗankwalin uwarku a ka, ki ƙanƙame hannun kujera kina salati. Ni kuma ina zaune ina dariya, don ni na kawo labarin gidan nan, ni na kai shi kasuwar Rano, ni na zuba masa gishiri. To yanzu Sambo ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, saboda haka ku gyara zama ku ji yadda aka yi. Kuka kam ya yi shi, wannan ba ƙarya. Sai dai ba tsoro ne ya sa shi ba.

Ni da Sambo tare muka tashi. Mahaifiyarsa ce ke kawo nono gidanmu daga rugarsu ta wajen Unguwar Gai a ƙasar Kibiya, shi kuma yana biye da ita da 'yar sandarsa, siriri kamar a busa shi ya faɗi. Kun san kakanmu daga Barno ya zo ya zauna a Rano, to ranar da Sambo ya ji cewa mu Barebari ne, ranar na rasa sunana a bakinsa. Tun daga nan har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini Mustafa ba, sai "bawana." Ni kuma in ce masa ɗan daji, wanda bai san daɗin gishiri ba sai da ya shigo gidanmu. Na yi boko, na yi aikin madatsun ruwa, na ga garuruwa, shi yana nan bayan shanunsa da 'yar gonar dawarsa, amma duk ranar da na dawo gida ba na cin tuwon dare na biyu ban je rugar nan ba. In na je kuma ba wata hira ce ta kirki muke yi ba. Zagin juna ne, sai fura, sai mu yi shiru muna kallon shanu.

Tuƙin jirgi kuwa da girmana na koye shi, bayan an haife ku duka. Ba sana'a na mayar da shi ba, sha'awa ce da ta daɗe tana cina tun ina yaro, har na samu dama na yi karatunsa na karɓi lasin. Ban taɓa mallakar jirgi ba, kada wani ya ruɗe ku. Wani ɗan ƙarami ne mai farfela ɗaya muke haya a Kano ni da wasu masu irin haukata, in ka shiga ciki kafaɗarka na gugar ta na kusa da kai. Mutanen Rano ba su bar ni na sha ruwa ba. Wasu suka ce kuɗi ne suka yi mini yawa, wasu suka ce furfura ce ta zo mini da ƙuruciya. Sambo ne ya fi kowa. Duk sanda na yi masa tayi sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Allah ya ba ni ƙafa biyu," in ji shi, "ya ba tsuntsu fiffike. Kai kuma bai ba ka hankali ba, shi ya sa ka rasa inda za ka tsaya. Ni in hau gwangwani, Babarbare na tuƙi? Ko jakinka ba na hawa."

Na yi masa tayin nan ya fi a ƙirga, har na haƙura.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da Sambo da Haro, don ku 'yan zamani ne, kuna hawa cinyata kuna ja mini gemu, ba lallai ku gane ba. Haro shi ne ɗansa na fari, sunansa na yanka Haruna. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, amma ta Fulanin da suka riƙe al'ada daban ce, ta Sambo kuma daban ce a cikin tasu. Tunda aka haifi yaron nan ban taɓa jin ya kira sunansa ba. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa cin abinci a ƙwarya ɗaya da shi ba, in yaron ya shigo ta nan shi sai ya ga wani abu mai muhimmanci ta can. In zai aike shi sai ya dubi iska ya ce, "A gaya wa wancan ya kai maruƙa rafi," alhali wancan ɗin yana tsaye a gabansa. Har wani Haruna mai shayi da ke bakin tasha, Sambo bai iya kiran sunansa, sai dai "mai shayi." Ni abin haushi yake ba ni. Na sha gaya masa cewa wannan ba kunya ba ce, wahalar da kai ce. Sai ya ce me bawa ya sani game da pulaku, wato halin kamun kai irin nasu.

Shekarar da nake ba ku labari, ƙasa ta yi wa shanu kaɗan. Gonaki sun ci burtali har ya zama in saniya biyu suka jera sai ɗaya ta taka shukar wani. Kullum Haro yana gaban mai unguwa yana ba da haƙuri a kan ɓarna. Lokacin ya zama magidanci da 'ya'yansa, kuma shi ke bin shanun, shi ya san abin da yake sha. Sai ya yanke shawarar ya kwashe garken ya yi kudu, ba irin tafiyar rani da ake dawowa da damina ba, tafiya ta zama. Sambo ya ce bai san zance ba. A nan aka binne ubansa, a nan ya kafa bukka ya mayar da ita ɗakin ƙasa, ba inda za shi, shanun ma ba inda za su. Aka yi ta kai da kawo ta bakin Inna Dije, matar Sambo, don su biyun ba sa magana kai tsaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan uban ne a kan ɗan. Rannan a gaban dattawan ruga, da aka matsa masa, Sambo ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce:

"Duk wanda ya kora shanun nan ya wuce rafi, kada ya waiwayo. Ban sa masa albarka ba."

Magana zarar bunu ce. Tun kafin ya kai bakin ɗakinsa na san ya yi nadama, don na san tafiyarsa in ransa ya ɓaci da wani, na kuma san ta in da kansa yake fushi. Amma ya faɗa a gaban mutane, kuma wanda ya faɗa wa ɗin shi ne mutum ɗaya a duniya da ba zai iya kira gefe ya ce masa "na janye" ba. Haro ya ci gaba da shiri, aka sa ranar tashi bayan an gama yankan dawa.

Ana gobe za su tashi, da la'asar, sai ga Sambo a ƙofar gidan nan da 'yar jakarsa da buta. Ya ce ya zo kwana. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na gane abin da mutanen ruga za su ce: tsohon ya bar gida don kada ma ya ga tafiyar ɗansa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ya riga ni.

"Bawana, gwangwanin nan naka yana nan?"

"Yana nan. Me ya faru?"

"Gobe da safe za ka ɗauke ni."

Na tsaya ina kallonsa. Ruwa ba ya tsami banza, amma wallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba, murna ce ta rufe ni. Na ɗauka yana son ya gudu daga baƙin ciki ne, ya je inda ba zai ji kukan shanu ba. Nan take na buga waya Kano, aka ce jirgin ba kowa a kansa da safe, sama kuma tas take. Uwarku Hajiya Rabi ce ta leƙo daga madafa, ta dubi Sambo ta dube ni.

"Malam Sambo, kai ma ka biye masa? Ni da nake cewa kai ne mai hankalin cikinku."

"Hajiya, bawa in ya daɗe yana roƙo, ai sai ubangidansa ya yi masa alfarma sau ɗaya."

Da ya fita alwala sai ta rage murya ta ce mini, "Ka bi shi a hankali. Mutumin nan ba yawo ya zo ba." Na ce mata ita kullum sai ta ga abin da babu. Ta ce to, ta koma kan tukunyarta.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Kano. A mota jan carbi kawai yake yi. Da muka isa na shiga zagaya jirgin kamar yadda aka koya mana, ina taɓa fukafukai, ina duba tayoyi, na tsiyayi mai a 'yar kwalba na ɗaga shi ga haske in ga ko da ruwa a ciki. Sambo yana biye da ni hannu a baya.

"Haka muke duba bijimi a kasuwar kara," ya ce. "Saura haƙora."

Ya ƙwanƙwasa fiffiken da ɗan yatsa, ya ji ƙarar, ya girgiza kai. Ya ce langa-langar ɗakinsa ta fi wannan kauri. Sandarsa ma sai da muka yi rigima kafin ya yarda a bar ta a mota. Na zaunar da shi a kujerar dama, na ɗaure shi da bel, na saƙala masa na'urar magana a kai, irin mai toshe kunnuwa da ɗan abin magana a daidai baki. Na yi masa bayani cewa in injin ya tashi ba mai jin wani sai ta nan. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, amma hankalinsa ba ya wurin. Muka yi addu'ar hawa, na nemi izini a hasumiyar filin jirgin, aka ba mu titin tashi.

Ina so ku ji wannan da kyau: lokacin da tayoyi suka bar ƙasa na saci kallonsa, don na shirya tsiyar da zan yi masa ta shekara guda. Ko gezau. Hannayensa na kan cinya, idonsa a buɗe, kamar yana zaune a gindin tsamiyar rugarsu. Na ɗauki mutane da yawa a jirgin nan, har da wani babban ma'aikaci da ya riƙe mini hannun riga yana kiran uwarsa. Sambo kuwa, mutumin da aka zabga wa bulala a wajen sharo yana saurayi yana murmushi, ko numfashinsa bai canja ba. Na ji haushi kaɗan, ba zan ɓoye muku ba.

Muka yi kudu. Na nuna masa gonakin rani na wajen Kura, magudanan ruwa suna ƙyalli, na ce masa da hannuna a aikin wasu daga ciki. Ya ce shi ya sa suka karkace. Can sai ga duwatsun Rano, ga garin a kwance a gindinsu, na nuna masa kasuwa, na nuna masa rufin gidan nan, ina ta zuba kamar ɗan jagora. Na karkata zan kai shi ya ga ruwan Tiga, don duk wanda na ɗauka can nake kai shi. Sai na ji muryarsa a kunnena.

"Ba can ba. Yi gabas. Kibiya."

"Me za ka gani a Kibiya da ba ka gani ba?"

"Bawa ba ya tambaya."

A nan ne abin ya faɗo mini. Na tuna maganar uwarku, na ji kunya ta kama ni ni kaɗai. Na juya kan jirgin.

Rugar muka fara gani. Daga sama wurin da shanu suke kwana baƙi ne, zagayayye, kuma ba komai a cikinsa sai 'yan shanun tatsa da aka bar wa tsofaffi. Rabin bukkokin an kwashe, sai gurabensu. Sambo ya dubi wurin sau ɗaya ya kau da kai. Na bi burtalin, siririn layi tsakanin gonakin da aka girbe, ya tsallaka rafi ya miƙe kudu. Ba mu yi nisa ba sai ga su. Farare ne shanun Sambo, sun jeru sun yi tsawo, tumaki a gefe, jakuna da kaya a tsakiya, ƙore na ƙyalli a rana, mata da yara a baya. Na rage gudu na fara kewaya su ta ɓangarensa, na kwantar da fiffiken dama don tagarsa ta fuskanci ƙasa.

"Sauka ƙasa," ya ce.

"Ba zan iya wuce nan ba."

"Ka sauka, ban ga fuskar kowa ba."

"Sambo, doka ta hana. Ko ba doka, in na matsa ƙarar nan za ta firgita shanun, su watse cikin gonakin mutane, su tattake yaran. Ranar tafiyarsa ta farko kake so ya kwana a gaban mai gari?"

A duk zamanmu ban taɓa hana shi wani abu ba, kuma ban taɓa jin nauyin kalmar a'a kamar ranar ba. Ga mutum ya ajiye girman kansa, ya hau abin da ya rantse ba zai hau ba, don ya ga fuska ɗaya, ni kuma na kawo shi har nan na ce iyakarmu ke nan. Daga inda muke mutane ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. Akwai maza uku ko huɗu a tare da garken, duk da malafa, duk da sanda a kafaɗa. Ni ban iya bambance ko ɗaya ba. Na ce masa wataƙila na gaban ne Haro, tunda shi ne jagora.

"Ba shi ba ne," in ji Sambo. "Wancan ƙanin matarsa ne. Ga shi can a baya, wajen maruƙa. Ba ka ga yadda yake jefa ƙafar hagu ba? Tun da ƙaya ta soke shi yana shekara shida yake tafiya haka. Kuma ba ya barin maraƙi a bayansa, ko da wa yake tafe."

Na dube shi. Wannan fa shi ne mutumin da na rantse bai san kalar idon ɗansa ba. Ashe duk shekarun nan da yake kau da kai, da wutsiyar ido yake kiwonsa.

Muka ci gaba da kewayawa. Sai na ga ya juya mini ƙeya, ya manna goshinsa da gilashi, ya jawo gefen rawaninsa ya rufe bakinsa, yadda mutum yake yi a taro in zai yi maganar da ba ya so a ji. A ƙasa dabarar nan tana aiki. A jirgi kuwa, ya haɗa bakinsa da ɗan abin maganar nan ya lulluɓe su tare, ya kare su daga ƙarar inji. Muryarsa ta shigo kunnena tar, kamar a cikin kaina yake magana.

"Haruna," ya ce.

Ya sake faɗa, a hankali, yana jan sunan kamar yana ɗanɗana shi. Sa'an nan ya shiga Fulatanci, wanda nake tsinta kaɗan-kaɗan, yana haɗawa da Hausa. Ya ce ya janye maganarsa. Ya ce Allah ya tsare gabansa da bayansa, ya ba shi ruwa da ciyawa, ya haɗa shi da maƙwabta na gari. Ya ce ya yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe masa. Kafaɗunsa suna rawa. Ni kuma na kafe idona a kan allon gabana kamar yau na fara ganinsa, hawaye na bin gemuna, ina tsoron ko haɗiyar yawu in yi ya ji.

Abu ɗaya na iya yi. Mu matuƙa muna da gaisuwarmu, a karkata fiffike dama, a karkata hagu. Na daidaita jirgin a gefen garken na yi musu ita. Duk ƙasar nan an san mahaukaci ɗaya ne ke yawo da ƙaramin jirgi, saboda haka sun san ni ne. Yara suka yi ta tsalle. Na bayan nan, mai jefa ƙafar hagu, ya tsaya cak, ya cire malafarsa ya ɗaga ta sama, ya daɗe a haka. Sa'an nan ya mayar da ita ya bi maruƙansa. Na duba mai, na ce wa Sambo lokaci ya yi. Ya gyaɗa kai bai juyo ba.

Da muka sauka na kashe inji, shiru ya dawo, ya cire na'urar daga kansa yana jujjuya ta a hannu. Ya taɓa ɗan abin maganar.

"Wannan, komai yake kaiwa?"

Na so in yi masa ƙarya. Amma ban taɓa yi masa ba, kuma da ya gane.

"Komai," na ce.

Kafin ya ce wani abu sai ga makanikin da ke kula da jirgin ya buɗe masa ƙofa, ya ga idanun nan jajawur, ya yi dariya irin ta wanda ya saba gani.

"Baba, tsoro ne? Kada ka damu, kowa haka yake yi ranar farko."

Na zabura zan ci mutuncinsa, don ba a taɓa jifan Sambo da kalmar nan ba a gabana. Sai na ji ya dafe mini gwiwa.

"Tsoro ne, ɗana," ya ce. "Tsoro ne ƙwarai."

A mota na tsare shi. Na ce ya bar ni in bi Haro yau ɗin nan, mota za ta cim musu kafin la'asar, in gaya masa abin da na ji, yaron ya tafi da sanyin zuciya. Ya ce a'a. Na ce to in gaya wa Inna Dije. Ya ce a'a. Na yi faɗa, na kira shi duk sunan da na sani, na ce wannan pulakun nasa ba zai shiga kabari da shi ya yi masa ceto ba. Ya bari sai da na gaji.

"Albarka ba kunne take nema ba," ya ce. "Wanda na roƙa ya ji. Kai kuma ka ji abin da ba naka ba, to amana ce. Mutane za su ga idona, za su tambaya. Ka ce tsoro ne. Ka faɗa da kyau yadda za su yarda, ai ka iya surutu. In na mutu, bakinka naka ne."

Ku duba fa. Bafulatani, wanda a wurinsa ba abin kunya kamar a ce ya ji tsoro, ya zaɓi Babarbare ya yi masa dariya a kasuwa har ƙarshen ransa, da dai a ce an gan shi yana kuka a kan ɗansa na fari. Har yau ban ce ya yi daidai ba. Amma aike ya ba ni, na kuwa isar da shi yadda ya kamata. Na ba da labarin a majalisa, na ba da shi a wajen ɗaurin aure, na ƙara da cewa har kiran shanunsa ya yi ɗaya bayan ɗaya yana musu wasiyya. Shi kuma yana zaune sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Bawana, ka rufa mini asiri mana," mutane su kwashe da dariya. Uwarku ce kaɗai ba ta taɓa yin dariyar ba. Rannan ta ce mini ita dai wannan tsoron bai kwanta mata ba. Na ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ba ta sake tambaya ba.

Haro ya zauna a kudu, Allah ya yi wa garkensa albarka. Bayan 'yan shekaru ya fara zuwa gida da Babbar Sallah. In ya zo ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa, uban ya amsa yana kallon wani wuri, sa'an nan ya ce wa Inna Dije, "Baƙon nan an ba shi abinci kuwa?" Ba wanda ya ƙara tayar da maganar albarka, ba kuma wanda ya ji an janye ta. Sau da yawa ina ganin Haro zaune shi kaɗai a bakin garke, maganar ta zo mini har maƙogwaro, in haɗiye ta. Wannan shi ne abin da alkawarin ya ci mini, kuma ba kaɗan ba ne.

Sambo ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Haro bai samu jana'iza ba, sai washegari ya iso. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu bayan azahar, ya zo ya same ni a gindin tsamiyar nan inda muke zama da ubansa. Shi ma furfura ta fara fito masa a gemu. Ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana tsinkar ciyawa.

"Baffa, ranar da muka tashi, da ka zo ka yi ta kewaya mu. An ce yana ciki."

"Yana ciki."

"An ce tsoro ya sa shi kuka." Ya girgiza kai. "Na gan shi ya shiga tsakanin bijimai biyu suna faɗa da hannu kawai. Ni ban taɓa yarda ba. Amma ban san me zan yarda da shi ba, kuma ba wanda zan tambaya. Shi na zo in ji, ko mai ɗaci ne. Da fushina ya tafi?"

Na gaya masa komai, tun daga buta da jaka har zuwa ƙafar hagu da ƙayar da ta soke shi. Na gaya masa addu'ar kalma bayan kalma, don ban manta ko ɗaya ba. Yana ji bai motsa ba, ɗan ubansa ne. Sai da na ce masa ya kira sunansa, sa'an nan ya ɗago kai.

"Sunana? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Haro ya ce, ko Haruna?"

"Haruna."

Ya dubi ƙofar ɗakin uban, ya dubi hagu da dama ya ga ba kowa kusa. Sai ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa, ya rage murya kamar yaro mai roƙon abu.

"Baffa, ka iya muryarsa, kowa ya sani. Faɗa mini yadda ya faɗa."

Shekara da shekaru ina kwaikwayon muryar Sambo don a yi dariya. Na gyara zama, na jawo gefen rawanina na rufe bakina, na kira shi. Ya sunkuyar da kai ƙasa.

"Na'am, Baba," ya ce.